Yadda Ake Shigar da Zanen CAD Cikin Manhajar Tsara Layin Jirgin Ƙasa na Kan Tebur

Ɗan ƙanena ne ya faɗo mini shago a Agege wata Asabar bayan la'asar, kwamfuta a hammata, rai a ɓace. Ko zama bai yi ba ya ce, "Baffa, manhajar nan ta banza ce. Na saka mata zanen, ta ce ya shiga, amma allo fari fat, ko ɗigo babu." Na ce ya zauna ya sha ruwa tukuna. Da na duba, zanen ya shiga lafiya lau. Sai dai ya sauka ne sama da kilomita 6 gabas da teburin da yaron ya zana, da kuma sama da kilomita 8 arewa da shi. Manhaja ba ta da laifi. Inda aka ce ta ajiye, nan ta ajiye.

Ni zanen gini ne sana'ata, da manhajar zane ta AutoCAD nake ciyar da iyali. Ƙananan jiragen ƙasa na kan tebur kuwa sha'awa ce da ta kama ni tun ƙuruciya, don a bakin dogo na tashi. Kakanmu ma fataucin goro ne ya kawo shi Agege, kuma jirgin ƙasa ne ya sauke shi. Masu wannan sha'awa ba mu da yawa a Legas, kayan ma sai an yi odarsu daga waje, shi ya sa ba ma wasa da tsari. Wanda ya yi makonni yana jiran kwali ba zai so ya buɗe ya tarar kwanar da ya saya ta fi ƙarfin ɗakinsa ba. Amfanin manhajar tsara layi ke nan: ka shimfiɗa komai a allo, ka ƙirga, sannan ka taɓa aljihu. In kuma kana da zanen CAD, wato zanen awo da aka ja a kwamfuta, na ɗakin, ko na tashar da kake son kwaikwaya, an rage maka rabin aiki, muddin ka iya shigar da shi.

## Abu biyu da za ka riƙe tun farko

Zanen CAD ba ya rikiɗa ya zama layin dogo. Mutane da yawa suna zaton da zarar sun shigar da zane, manhaja za ta gane cewa wannan dogo ne, ta jera musu ƙarafa da mararraba da kanta. Ba haka ba ne. Abin da ke shiga zane ne kawai, kamar takardar da tela ke shimfiɗawa ya bi ta da almakashi. Kai ne za ka riƙa ɗauko guntayen layi daga rumbun manhajar, na kamfanin Peco ko Hornby ko Kato ko Atlas, kana ɗorawa a kan zanen.

Sannan zanen iri biyu ne, kuma ba a yi musu aiki ɗaya. Akwai zanen ɗaki ko na tebur, wato inda jirgin zai zauna. Wannan ba a ƙanƙanta shi ko kaɗan. Bango mai milimita 3,660 zai shiga a 3,660 ɗinsa. Akwai kuma zanen abin da za a kwaikwaya: tasha, gada, shagunan bakin dogo. Shi ne ake ƙanƙantawa. Wanda ya haɗa su a fayil ɗaya ya ƙanƙanta su tare, zai tashi da ɗakin da tsawonsa milimita 42 ne, bai kai kwalin ashana ba. Ka raba su fayil biyu tun yanzu.

## Wace manhaja ce ke karɓar me

Kamfanin Autodesk ya fito da AutoCAD a 1982, tare da tsarin fayil na DXF. Fayil ɗin DWG shi ne harshen cikin gida na AutoCAD, shi kuwa DXF harshen kasuwa ne, kamar yadda Hausa take a kasuwar Mil 12: kowa ya zo da nasa, amma da ita ake ciniki. Manhajojin layin dogo da ke karɓar zane kai tsaye, DXF suke nema, ba DWG ba.

Templot, wadda Martin Wynne ya rubuta a Ingila don masu ƙera layi da hannunsu, kyauta ce, kuma tana ɗaukar DXF ta shimfiɗa shi a matsayin zanen baya. Ita ma 3rd PlanIt tana karɓar DXF, amma ta kuɗi ce. A AnyRail da SCARM da XTrackCAD kuwa, hanyar da nake bi ita ce ta hoto: a mayar da zanen hoto, a shimfiɗa shi a ƙasa, a faɗa wa manhaja ainihin faɗinsa. XTrackCAD kyauta ce ɗungurungum, tana aiki a Windows da Mac da Linux. AnyRail ta fi sauƙin koyo a ganina, amma ta gwaji tana tsayar da kai a guntu 50.

In ba ka da AutoCAD, kada ka damu. ODA File Converter yana juya DWG ya koma DXF kyauta, sannan LibreCAD ko QCAD su buɗe maka shi ka yi gyara. Zan riƙa ambaton umarnin AutoCAD ne don da shi na saba, amma share abu da matsar da shi da ƙanƙanta shi duk akwai su a waɗancan.

## Mataki na 1: gano awon da aka yi zanen da shi

Nan ne gizo ke saƙar. Fayil ɗin CAD lambobi ne zalla. In ya ce 900, bai damu ba ko milimita ce, ko mita, ko inci. Mai zanen ne ya san abin da yake nufi. Masu zanen gidaje a nan galibi da milimita suke aiki, safiyo kuwa da mita. Zanen da ya fito daga Amurka sau da yawa da inci yake zuwa.

A AutoCAD ka rubuta INSUNITS ka ga lambar da zai ba ka: 4 milimita ce, 5 santimita, 6 mita, 1 inci, 0 kuma ba a faɗa ba. Amma kada ka dogara da wannan, don mutane da yawa ba sa saita shi. Abin da ba ya ƙarya shi ne ka auna abin da ka san girmansa. Ka rubuta DIST, ka auna faɗin ƙofar ɗaki. In ka ga wajen 900, milimita ce. In 0.9 ka gani, mita ce. In 35 ko 36, inci ne.

Wani tarko kuma: a gindin takardar zane akan rubuta 1:100 ko 1:50. Wannan na bugawa ne a takarda kawai. A shafin Model, inda ainihin zanen yake, an ja komai ne a cikakken girmansa. Kada ka ninka da 100, kada ka raba. In kuwa PDF kaɗai aka ba ka, to shi an riga an ƙanƙanta shi. Ka shigo da shi da umarnin PDFIMPORT, wanda ke cikin AutoCAD tun fitowar 2017, ko ka buɗe shi a Inkscape ka adana a DXF, sannan ka faɗaɗa shi har ƙofar nan ta koma 900.

Akwai abin da zan ƙara, ko da zai ɓata wa abokan sana'ata rai: zanen ɗaki daban, ɗakin da magini ya gina daban. Sau da yawa awon da ke zane daga bulo ne zuwa bulo, ba a cire filasta ba, ita kuwa takan ci milimita 25 zuwa 30 in aka haɗa bango biyu. Na taɓa sa kafinta ya haɗa mini tebur bisa zanen da ni da kaina na ja, muka hau da shi bene da ƙyar, ya ƙi shiga tsakanin bango da ginshiƙi saboda yatsa ɗaya. Sai da muka sa masa zarto a baranda, maƙwabta na kallo. Ido ba mudu ba ne, zane ma ba tef ba ne. Ka ɗauki tef ka auna kowane bango a daidai tsayin da tebur zai tsaya, ka auna kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarori biyu don ka san ko ɗakin ya karkace, sannan ka gyara zanen ya bi ɗakin.

## Mataki na 2: shara

Ka fara kwafe fayil ɗin, ka yi aiki a kan kwafin. Zanen gini cike yake da abin da ba ruwanka da shi: rubutu, layukan awo, zanen tayil, kujeru, bututun ruwa, tambarin ofis. Duk waɗannan nauyi ne, kuma su ne ke sa manhaja ta daskare ko ta ƙi buɗewa.

A zanen ɗaki abin da za ka bari kaɗan ne: fuskar bango ta ciki, ƙofa tare da bakan da ke nuna inda take buɗewa, tagogi, ginshiƙai, da wurin soket. Ni nakan ƙara alama a inda na san feshin ruwa na shigowa da damina, da ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, don kada in sa tasha a inda ruwa zai ɗiga mata. A zanen tasha kuwa ka bar tsakiyar kowane layi, bakin dandamali, sawun gine-gine, katanga, da hanyar mota.

Hanya mafi tsabta ita ce ka zaɓi abin da kake so, ka fitar da shi zuwa sabon fayil da WBLOCK, ka bar tarkacen a baya. A sabon fayil ɗin ka zaɓi komai ka yi EXPLODE ya fasa layukan da aka dunƙule wuri ɗaya, ka maimaita sau biyu ko uku, don akan sami dunƙule a cikin dunƙule. Ka bi da OVERKILL ya cire layukan da suka hau kan juna, sai PURGE ya kwashe leyoyi, wato shimfiɗun da ake rarraba zane a kansu, waɗanda suka zama fanko. In zanen na safiyo ne, wasu layukan suna ɗauke da tsayin ƙasa ko da ba ka gani daga sama, sai ka yi FLATTEN su kwanta duka a sifili.

## Mataki na 3: dawo da zanen gida

Wannan shi ne abin da ya kama ɗan ƙanena. Ya ciro layukan dogo na wajen Agege daga taswirar OpenStreetMap, ya fitar da su DXF ta manhajar taswira ta QGIS, kuma ya yi daidai da ya zaɓi tsarin lissafin taswira na UTM shiyya ta 31 ta arewa, mai lamba EPSG:32631, don shi ke ba da awo a mita a yankin Legas. Amma a wannan tsari, Agege na zaune ne a wajen mita 535,000 gabas da 732,000 arewa daga tushen lissafi. Da ya ninka komai don ya koma girman jirgin tebur, nisan nan ma ya ninku tare da zanen. Manhajar layi kuwa daga sifili take fara tebur. Duk zanen da ya fito daga hannun safiyo haka yake, ko da tsarin awon ƙasa na Minna aka yi shi.

Maganin ba wuya. Ka rubuta MOVE, ka zaɓi komai, ka kama kusurwar ƙasa ta hagu, ka kai ta 0,0. In AutoCAD ɗinka na nuna akwatin rubutu kusa da kibiya, ka rubuta #0,0 da alamar nan a gaba, in ba haka ba zai ɗauka cewa ka ce kada ya motsa. Bayan nan ka yi ZOOM ka danna E. In zanen ya cika allo, madalla. In ya koma ɗan ɗigo a lungu, akwai wani guntun layi da ya maƙale can nesa. Ka nemo shi ka share, don ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Tun kana nan ka juya zanen da ROTATE, babban layi ya kwanta a miƙe daga hagu zuwa dama. Tebur bai san gabas da arewa ba.

Kuma don Allah kada sha'awa ta sa ka ɗauki tef ka hau kan dogo kana aune-aune. Haɗari ne, kuma wuri ne mai tsaro. Taswira da hoton sama sun ishe ka. In tsohon fasalin tasha kake nema, ka leƙa Jaekel House da ke harabar ma'aikatar jirgin ƙasa a Ebute Metta, gidan da aka gina a 1898, yanzu ƙaramin gidan tarihi ne mai tsofaffin hotuna da kayan aiki.

## Mataki na 4: ƙanƙantawa

Mai zanen ɗaki ya tsallake nan, sai dai in zanensa a mita yake, ya ninka da 1,000 ya koma milimita, ko in a inci yake ya ninka da 25.4.

Mai zanen tasha kuwa sai ya tsayar da ma'aunin da zai yi aiki da shi, kuma a nan mu 'yan Najeriya muna da abin dubawa da wasu ba su da shi, don dogonmu iri biyu ne. Tsohon layi, wanda aka fara a Legas a 1896, ya kai Ibadan a 1901, aka kuma fara tafiya har Kano a 1912, faɗinsa milimita 1,067 ne, wato ƙafa 3 da inci 6. Sabon layin Legas zuwa Ibadan mai kilomita 157, da aka buɗe a Yunin 2021, faɗinsa 1,435 ne, kuma a kansa jirgin Red Line ke bi tsakanin Agbado da Oyingbo.

In sabon layi kake kwaikwaya, hanya a buɗe take. Ma'aunin HO shi ne 1:87.1, layinsa milimita 16.5, kuma in ka raba 1,435 da 87.1 za ka sami 16.5 ɗin, saura ƙiris. Ma'aunin N shi ne 1:160 a kan layi mai milimita 9, shi ma ya yi daidai. In kuwa tsohon layi ne a ranka, irin na Iddo, to 1,067 a HO yana ba da 12.25, don haka layi mai milimita 12 za ka nema. Akwai wasu hanyoyi biyu da suka fi sauƙin samun kaya: ma'aunin 1:64 a kan layin 16.5, ko 1:120 a kan layin 9. Masu wannan sha'awa a New Zealand, inda dogonsu faɗinsa ɗaya da tsohon namu, duka biyun suna yi. Ni da za a bar ni, 1:120 zan zaɓa don ɗakunanmu na Legas, amma sai mutum ya shirya ƙera taragai da hannunsa.

A kula: ma'auni ne ke ba da lambar ƙanƙantawa, ba faɗin layi ba. OO na Ingila da HO layi ɗaya suke hawa, 16.5, amma OO 1:76.2 ne. Wanda ya sayi jiragen Hornby ya ƙanƙanta tasharsa da 87.1, zai ga jirgi ya yi wa dandamali girma.

Lissafin kansa: in zanen a mita yake, kana so ya koma milimitar tebur, ka raba 1,000 da lambar ma'aunin. HO zai ba ka 11.481, OO 13.123, N 6.25, 1:120 kuma 8.333, 1:64 kuwa 15.625. In zanen a milimita yake, ka raba 1 da lambar ma'aunin, HO ya zama 0.011481. Ka rubuta SCALE, ka zaɓi komai, ka ba shi 0,0 a matsayin madogara, ka shigar da lambar. Dabarar da na fi so, don ba ta zubar da ko ɗigo: in ya nemi lamba ka danna R, ka rubuta 87.1 a tsohon tsawo, ka rubuta 1000 a sabon tsawo. Shi zai yi rabon da kansa.

Kafin ka rufe, ka ja abu biyu da hannunka. Na farko firam mai kusurwa huɗu daidai girman teburinka, ya fara daga 0,0. In fallen filawud guda ne, irin na ƙafa 8 da 4 da ake sayarwa a Mushin, 2,440 ne da 1,220. Na biyu, layin gwaji mai tsawon 1,000 cif a kwance, da wani mai 1,000 a tsaye, kamar harafin L, a wani lungu cikin firam ɗin. Waɗannan biyun su ne shaidunka har ƙarshen aiki.

## Mataki na 5: hanyar DXF

Ka yi SAVEAS, a jerin ire-iren fayil ka gangara can ƙasa ka zaɓi DXF na R12. Tsoho ne, na 1992, kuma tsufan nasa ne amfaninsa. Lanƙwasassun layuka irin na SPLINE da ELLIPSE sai a R13 suka shigo, don haka in ka adana a R12 dole AutoCAD ya mayar da su jerin gajerun layuka da ƙananan manhajoji ke iya karantawa. In an ba ka zaɓi, ka ɗauki na rubutu, wato ASCII, wanda ko a Notepad za ka iya buɗewa ka ga lambobin da idonka.

R12 ba ya ɗauke da bayanin awo ko kaɗan. Saboda haka in manhajar layi ta tambaye ka, ka ce milimita, kuma kada ka bari ta sake ƙanƙantawa, tunda ka riga ka yi. A Templot ta ɓangaren zanen baya ake shigo da shi. In wani abu bai fito ba, galibi dunƙule ne da bai fashe ba ko kwanar da ba ta gane ba. Ka koma CAD ka sake EXPLODE, ko ka bi kwanar da gajerun miƙaƙƙun layuka.

## Mataki na 6: hanyar hoto

Wannan ita ce wadda yawancinmu za su bi, kuma firam ɗin nan shi ne sirrinta. Ana so hoton ya yanke daidai a kan firam, ba fari ko kaɗan a gefe, don in ka ce wa manhaja faɗin hoton 2,440 ne, ya zama gaskiya ka faɗa.

A LibreCAD akwai fitar da zane a matsayin hoto, inda za ka rubuta yawan ɗigon da kake so. Daga AutoCAD kuwa na fi son in buga PDF, in buɗe shi a Inkscape, in zaɓi firam ɗin, in fitar da abin da na zaɓa kaɗai. Ɗigo 2 a kowace milimita ya isa: tebur mai 2,440 da 1,220 zai zama hoto mai 4,880 da 2,440. In ɗaki ne gaba ɗaya, ka sauko ɗigo 1, in ba haka ba tsohuwar kwamfuta za ta riƙa nishi. Ka adana a PNG, don JPG yana dagula siraran layuka.

Abu biyu da na hana yaran da ke zuwa wurina. Kada a ɗauki hoton takarda ko na allo da waya a ce shi za a shimfiɗa, don ko yaya hannu ya karkata, gefe ɗaya zai fi ɗaya tsawo. Kuma in za a turo hoton ta WhatsApp, a turo shi a matsayin takarda, ba a matsayin hoto ba, don in ba haka ba za a matse shi a rage masa ɗigo.

A cikin manhajar, ka fara saita awo zuwa milimita, ka saita girman fili ya kai teburin. Sai ka saka hoton, ka rubuta faɗinsa da tsayinsa, ka sa kusurwarsa ta zauna a sifili. A XTrackCAD cikin saitin shimfiɗar ake zaɓar hoton baya a ba shi girma da matsayi. A AnyRail ka ba hoton leyarsa shi kaɗai ka kulle ta, in ba haka ba kana jan layi za ka ja shi ya goce ba ka sani ba.

## Mataki na 7: tambayi shaidu

Kada ka ɗora ko guntu ɗaya sai ka ɗauki rular manhajar ka auna harafin L ɗin nan. In duka biyun sun ba ka 1,000, ko da bambancin milimita ɗaya ko biyu a hanyar hoto, ka wuce. In ka ga 39.4, zanen lafiya yake, manhajar ce ke nuna maka inci. In ka ga 25,400, ta ɗauki milimitarka a matsayin inci. In ka ga 1, ko 11 da ɗoriya, an sake rabawa bayan ka riga ka ƙanƙanta. In na kwance 1,000 ne na tsaye kuma 960, hoton ya miƙe ta gefe ɗaya, ka koma ka duba yankan firam.

## Ɗora layi, da inda zane ke rabuwa da tebur

Ka fara da mararraba, don su ne ba sa lanƙwasuwa kuma ba sa gajarta. Sai kwanoni, sannan miƙaƙƙun layuka su cike tsakani.

A nan ne za ka gane cewa jirgin gaske ba ya tausayin ɗaki. Kwanar da tazararta daga tsakiya ta kai mita 300, wadda a dogon gaske matsattsiya ce, a HO tana neman milimita 3,444. Dandamali mai mita 200 zai ci 2,296, kusan fallen filawud guda. Fili mai mita 500 kuwa mita 5.7 ne a HO, mita 3.1 a N. Su kuma kwanonin da ake sayarwa ƙanana ne: na Hornby 371, 438, 505 da 572, na Kato a N irin su 249, 282 da 315. Juyawa cikakkiya da kwanar 505 na cin 1,010 daga tsakiyar layi zuwa tsakiyar layi, ta zauna a faɗin 1,220 da sauran wuri. Ta 572 tana cin 1,144, ta bar maka milimita 38 kacal a kowane gefe, jirgi na gocewa sai ƙasa.

Don haka dole a matse tashar, amma da hankali. Kuskuren da ake yi shi ne a ja hoton a gajarta tsawonsa gaba ɗaya, sai gine-gine su tsuke, kwanoni su zama ƙwai. Ka koma CAD, ka yi amfani da STRETCH ka cire tsakiyar dandamali, inda ba abin da ke faruwa, ka bar bakin tasha biyu yadda suke. In layuka shida ne a jere, ka mayar da su huɗu. Wanda ya san Agege, ginin tasha da gadar sama da cunkoson shagunan gefe ne za su sa ya ce "ai nan ne", ba zai ƙirga taragai nawa dandamali ke ɗauka ba.

Wani abin da zai ba ka mamaki: layuka biyu da ke da tazarar mita 4 a zahiri, a HO milimita 46 ne tsakaninsu, alhali guntayen Hornby a tazarar 67 aka ƙera su. Ba za su taɓa hawa kan zanenka daidai ba. In kana son bin zanen sau da ƙafa, sai layi mai lanƙwasuwa irin Peco Streamline, mai tsawon milimita 914, wanda kai ke ba shi siffa. Ko da shi ma, a kwana sai ka buɗa tazarar, don dogayen taragai kada su gogi juna.

Ka kuma riƙa kallon zanen ɗakin a ƙasa. Duk abin da ya wuce santimita 70 daga bakin tebur hannu ba ya kai masa cikin sauƙi, kuma can ne jirgi ya fi son faɗuwa. Hanyar wucewa kada ta gaza santimita 60. Bakan ƙofar nan da muka bari, kada komai ya shiga cikinsa.

## Daga allo zuwa katako

In tsari ya kammala, manhajar za ta ba ka jerin kayan da za ka saya, guntu-guntu da lambobinsu. In kuma kafinta ko mai injin yanka zai fitar maka da siffar katakon, XTrackCAD da Templot duk suna fitar da DXF, sai ka mayar da shi CAD ka ja layin yanka.

Saura bugawa a cikakken girma. Kana iya bugawa a A4 ka liƙa su ɗaya bayan ɗaya, amma tebur guda zai ci fiye da takarda 50, kuma kowace mahaɗa na ƙara ɗan kuskure. Gara ka fitar da PDF ka kai Shomolu, inda ake da manyan firintoci. A0 milimita 841 ne da 1,189, sai shida ne za su rufe fallen filawud. Ka tabbata harafin L na cikin abin da za a buga, ka gaya wa mai injin a buga ɗari bisa ɗari, kada a sa ya daidaita da takarda, kuma ka je da tef ɗin ƙarfe a aljihu ka auna a gabansa kafin ka biya. Katakon kuma ka shafe shi da fenti ciki da baya tun kafin ranar, don raɓar Legas na banƙara filawud, takarda ma tana motsi in ta kwana a buɗe.

Namu mun bugo shi ranar Litinin, muka shimfiɗa a kan katako bayan isha'i, ana ta ruwa a waje. Yaron ya ja tef a kan layin gwaji, ya duba, ya sake dubawa. Ya ce, "Baffa, 999 fa nake gani. Milimita ɗaya ta ɓata."

Na ce, "Wannan rabon damina ne. Miƙo gam."